Madalla Daga Cikin Silin

Ku kasa kunne, 'yan'uwa. An yi wata tsohuwa gwauruwa, idanunta sun dushe, ga ciwon suga ya kama ta. Autanta Allah ya buɗa masa har ya gina gidan bene a birni, ya je ƙauye ya ɗauko ta, ya ba ta ɗaki a ƙasa kusa da ƙofar baya, don ba ta iya hawan matakala. Mutane suka yi ta sa masa albarka, kuma a lokacin ya cancanta. Kowace safiya kafin ya fita aiki yakan sauko ya durƙusa a gaban gadonta ya gaishe ta. Ta lalubo kansa ta shafa, su yi addu'a tare, ta gaya masa mafarkin da ta yi da inda ke mata ciwo. A duk yini babu abin da tsohuwar nan take jira kamar ƙarar takalminsa a matakala.

Ana nan sai autan ya je gidan wani abokinsa, ya ji waƙoƙin yabo suna saukowa daga sama, ya duba ko'ina bai ga rediyo ba. Aka ce masa ai lasifika ce aka binne a cikin silin. Abin ya shiga ransa, mako bai zagayo ba ya kawo mai aikin lantarki gidansa. Aka sa a falo, aka sa a ɗakin cin abinci, sannan ya ce a sa ɗaya a ɗakin Mama, daidai saman gadonta.

Mai aiki ya kafa tsani, ya zana da'ira da fensir, ya sa ƙaramin zarto ya yanke silin. Ya jawo waya ta cikin rufi tun daga ɗakin maigida a sama, ya cusa lasifikar a ramin, ya ɗaure ta da sukurori, ya rufe da farin murfi mai ƙananan huji. Tsohuwa tana zaune a gefe tana jin gari yana zubo mata a ɗankwali.

Ta ce, “Auta, me ake huda mini a ka?”

Ya ce, “Ci gaba ne, Mama. Daga yau waƙa da wa'azi za su same ki har gado. Ni ma in na yi magana daga sama, za ki ji ni kamar ina gabanki.”

Ta ce, “To, ni fa in na yi magana?”

 Ya riga ya juya yana nuna wa mai aiki inda murfin ya ɗan karkace. Ku ji fa! Karkacewar murfi ya gani, tambayar uwar da ta haife shi kuwa ta wuce ta bayan kunnensa. Shi ya san abin nan baki kawai yake da shi, ba shi da kunne, amma bai tsaya ya gaya mata ba.

Da farko yana saukowa, yana kuma kunna mata waƙa. Sai wata safiya ya makara, ya ɗauki makirufo ya gaishe ta daga sama, ya ga ai abin ya zo da sauƙi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har matakala ta manta da shi. Kuma da yake ɗan gidan tarbiyya ne, ba ya yanke gaisuwa. Sai ya ce, “Ina kwana, Mama?” ya ɗan dakata. “An tashi lafiya?” ya dakata. “Yaya ƙarfin jiki?” ya sake dakatawa, sannan ya ce, “To madalla, mun gode Allah.” Daga nan ya yi doguwar addu'a mai daɗin ji, ya kunna waƙa, ya ɗauki makullin mota.

Ita kuwa baiwar Allah, da ta ji yana dakatawa, sai ta ɗauka sauraronta yake yi. Ta ɗaga fuska sama tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar yaya aiki.

Ashe ranar da aka yi aikin wani ɗan sukuru ya faɗi ya gangara gindin gado. Wata rana ta sauko ba takalmi ta taka shi. Ciwon bai kai ƙwayar gero ba, amma kun san mai suga da rauni a ƙafa. Da safe silin ya ce, “Yaya ƙarfin jiki?”

Ta ce, “Auta, na taka wani abu, tafin ƙafata yana zafi.”

Silin ya ce, “To madalla, mun gode Allah.”

 Ta ce a ranta wataƙila sauri yake yi. Kwanaki suka wuce, ƙafa ta kumbura, ta ce, “Auta, ƙafar nan ta fara ruwa, ka zo ka duba mini.” Aka ce mata madalla. Ta ce, “Auta, jikina zafi, ƙafar tana wari.” Aka ce mata madalla, mun gode Allah, aka bi ta da waƙa.

Za ku ce ina matar gidan? Tana nan, kuma ba muguwa ba ce. Malamar makaranta ce, takan shigo da sassafe a gurguje ta ajiye kular abinci ta gaishe ta. Amma tsohuwa mai kawaici ce, ba za ta buɗe wa surukarta ruɓaɓɓiyar ƙafa ba. Sai ta ja bargo ta rufe, ta sa a kunna mata turaren wuta, ta ce lafiya lau. A ganinta ta riga ta gaya wa wanda ya kamata ya sani. In ɗan da ta goya ya ji ya ce madalla, me za ta ce wa 'yar wani? Daga baya ma ta daina amsa gaisuwar. Ta kwanta tana kuka a hankali, tana cewa ta zama kaya, an gaji da ita. Shi kuwa gogan bai ko san ta daina amsawa ba.

Ran nan babbar 'yarta, Afiniki, ta biyo motar farko daga ƙauye da tsarabar acca. Tana shiga ta ƙofar baya wari ya tare ta. Ta yaye bargon, ta ga ƙafa ta yi baƙi har idon sawu, ta ɗora hannu a ka. Kafin ta buɗe baki sai ga murya daga sama, tas-tas, cike da ladabi: “Ina kwana, Mama? An tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki? To madalla, mun gode Allah.”

Afiniki ta watsar da accar ta haye bene. Makirufo yana kunne, saboda haka duk abin da aka faɗa a sama ya sauko wa tsohuwa a kan gadonta. Ta ji an banko ƙofa, ta ji muryar 'yarta.

“Madallar me? Kai, madallar me? Ƙafar uwarka tana ruɓewa a ƙarƙashinka kana nan kana gyaran wuyan riga! Yaushe rabonka da ka ga fuskarta?”

Ta ji autanta yana cewa, “Yaya, wace ƙafa? Ni ban sani ba. Ai abin ba ya ɗaukar murya daga can, ban taɓa jin komai ba.”

“Ba ka ji, to wa kake ce wa madalla?”

Sai a ranar tsohuwa ta sake jin ƙarar takalminsa a matakala, da gudu. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya girgiza kai, ya ce an makara. Aka ceci ranta, amma aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ta farfaɗo, autan ya durƙusa a gefen gado yana kuka, yana cewa, “Mama, ki gafarta mini. Me ya sa ba ki aiko an kira ni ba?”

Ta lalubo kansa kamar yadda ta saba, ta ce, “Na kira ka kowace safiya, Auta. Na gafarta maka. Dā ina kuka don na zaci kana ji kana share ni. Ashe duk kwanakin nan da silin nake hira.”

Ya koma gida ya hau tsani da kansa ya fizge lasifikar, ya bar ramin a buɗe. Ƙafa dai ba ta dawo ba.

To, ga ma'anar misalin nan, kuma kada kowa ya waiwayi na kusa da shi, da mu ake. Lasifikar nan ita ce ibadar da take da baki amma ba ta da kunne. Mutumin nan bai zagi uwarsa ba, bai hana ta abinci ba, bai fasa addu'a ko sau ɗaya ba. Saukowa kawai ya daina yi, ita ce kuwa ta ci ƙafar.

Mu nawa ne muke haka? A bakin ƙofar majami'a muna ce wa ɗan'uwa yaya gida, kafin ya buɗe baki mun ce madalla mun wuce. Muna tura wa iyayenmu waƙoƙi da gaisuwa ta waya, shekara ta juyo ba mu zauna a tabarmarsu ba. Har wurin Allah haka muke yi, mu zuba masa magana mu ce amin mu tashi, ba mu tsaya mu ji abin da yake faɗa mana ba. Abin kunya ne, 'yan'uwa, abin fushi ne kuma. Ubangijinmu bai tsaya a sama ya yi ta aiko mana da murya ba. Saukowa ya yi, ya zauna tare da mu, ya sa hannu ya taɓa masu ciwo.

Akwai wanda yake amsa gaisuwarka da gaske, kai kuwa ba ka ji. Ka san shi, ka san ɗakinsa. In an tashi daga nan yau, ka je da ƙafarka tun yana da tasa, ka tambaye shi yaya jiki, sannan ka rufe bakinka har sai ya gama.