Tafintan Da Ya Yi Shiru

'Ya'yana, ku matso ku ji. Tunda kunnenku yanzu a waya yake, a waya zan faɗa muku.

Akwai wani tela, shekara ashirin da biyu yana tafinta a coci. Fasto ya faɗa da Turanci, shi ya juya wa irinmu da ba mu yi boko ba. Fastoci uku ya tsaya a gefensu, ba wanda ya yi kuka da shi.

Sai aka kawo na huɗu, matashi mai kwat da ƙatuwar murya. Wata Lahadi ya buga bagade ya ce duk wanda ya kai mara lafiya asibiti ba da izininsa ba, ya raina ikon da Allah ya ba shi.

Ya dakata a juya. Tela ya yi shiru.

Fasto ya ce, "Baba, kunnen ne ya yi ritaya?" Matasa suka kwashe da dariya.

"Kunne lafiya lau, Fasto. Nuna mini inda aka rubuta, in faɗa musu."

"Ni Allah ya ɗora a kan garken nan!"

"Ban musa ba. Amma tsofaffin nan, abin da ya fito bakina shi suke ɗauka Maganar Allah. Wannan kam ba zan ba su ba."

Dattawan ikkilisiya suka zauna, biyu a cikinsu ni na haife su. Aka sa tela a horo: bencin baya, ba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, sai ranar da ya durƙusa gaban jama'a. Aka samo sabon tafinta, wanda ko tari Fasto ya yi sai ya juya.

Bayan wata uku 'yar Fasto ta suma. Bai tsaya neman izinin kowa ba, sai asibiti. Aka ce sai an ƙara mata jini, nasa bai yi daidai ba. Tela ya bar keken ɗinkinsa ya zo, zare manne a rigarsa, ya miƙa hannu.

Fasto ya ja shi gefe. "Baba, wannan ya tsaya tsakaninmu."

Ya kuwa tsaya tsakaninsu. Ni ma a bakin nas na ji.

Yarinya ta warke. Fasto ya hau bagade ya ce addu'arsa ce ta tashe ta, coci ya ɗauki tafi. Tela yana can baya. Farantin Jibi ya zo, ya tsallake shi. Yau wata takwas ke nan.

Darasi: Ikon mai wa'azi ba a muryarsa yake ba, a Maganar da aka ba shi yake. In ya sauka daga kanta ya zama mutum kamar kowa, kuma wanda ya ƙi bin sa a nan bai yi wa Allah tawaye ba. Ku tura wa duk mai hawa bagade.

Ku biyun da kuka ɗaga hannu a zaman dattawan nan aka hori tela, Lahadi akwai Jibi. Ku je ku gyara abin da kuka ɓata. In faranti ya sake tsallake dattijon nan, a bencin baya za ku sami uwarku.