Kwaɗon da ke Aljihun Barkono

Jama'ar wannan shafi, yau ba na ban dariya na zo muku da shi ba. Akwai wani direban tirela da ake ce wa Barkono, yana aiki a wani kamfanin dakon kaya. Mutum ne mai tsokanar tsiya. In ka ajiye hularka, sai ka tsince ta a kan tanki. In ka cire takalmi, sai ka tarar da ƙafa ɗaya a bokitin wanke taya.

Wanda ya fi shan wannan tsiyar shi ne Sifana, makaniken garejin, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa tun suna yara.

Motocin kamfanin duk masu birkin iska ne. Kusa da sitiyari akwai wani maɓalli mai ruwan ɗorawa. In ka ja shi, mota ta kafe. In ka danna shi, sai ka ji fuuu, birki ya saki, ko da inji a kashe yake, muddin akwai iska a tanki. Shi ya sa aka kafa doka: duk makaniken da zai shiga ƙarƙashin mota, sai ya saƙala wani ɗan ƙarfe a wuyan maɓallin, ya datse shi da kwaɗo, ya tafi da makullin. Kowa ya ga kwaɗo ya san akwai rai a ƙasa.

Wata safiya Sifana ya ajiye ƙarfen da kwaɗonsa a kan benci, ya juya neman tsumma. Barkono ya lallaɓo ya zura su a aljihu.

"Kai ɗan goggo, ina kwaɗona?"

"Ni mai gadin kwaɗo ne? Tsufa ne ya kama ka, ka duba cikin gemunka."

"Barkono, ba na son iskanci da sassafe. Aiki na jirana."

"Ka yi mini kirari tukuna, wataƙila aljanuna su nemo maka."

Sifana ya yi tsaki. Barkono ya wuce wajen mai shayi yana ƙyaƙyata dariya, da niyyar ya dawo da shi in ya shanye kofi ɗaya. Hira ta yi daɗi, ya manta.

Shi kuwa Sifana da ya gaji da nema, sai ya tura katako a bayan taya ya shige ƙarƙashin tirelar haka nan.

Ana cikin haka manaja ya ce wa Malam Shiru ya matsar da wannan tirelar ta tare hanya. Malam Shiru sabon direba ne, dattijo mai iyali, ya sha wuya kafin ya samu aikin. Ya hau, ya dubi maɓalli, babu kwaɗo. Ya danna.

Fuuu.

Filin garejin yana da ɗan gangare. Katakon ya zame a kan baƙin mai, motar ta yi baya. Ihun Sifana ya isa har teburin mai shayi. Barkono ya zabura, sai ya ji nauyin ƙarfe ya bugi cinyarsa ta cikin aljihu.

Allah ya taƙaita, Malam Shiru ya yi maza ya ja maɓallin. Amma taya ta riga ta hau yatsun ƙafar Sifana.

Aka kwashe shi zuwa asibiti. Da manaja ya dawo ya tara ma'aikata, ya nuna Malam Shiru da yatsa.

"Ka hau mota ba ka leƙa ƙasa ba? Ka tattara kayanka."

"Ranka ya daɗe, ban ga kwaɗo ba. Wallahi ban ga kwaɗo ba." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Barkono na tsaye a baya, hannunsa a aljihu, ya damƙe kwaɗon har ya yi gumi. Da aka watse ya sulale gida.

A gida matarsa ta kawo abinci, ya ture kwanon. "Maigida, yau ko tsokanata ba ka yi ba, lafiya?" Ya ce ciwon kai ne.

Da la'asar ya je asibiti. Sifana na kwance, ƙafa a naɗe. Ya dubi Barkono, ya dubi aljihunsa, ya mai da ido kan silin.

"Manaja ya tambaye ni ina kwaɗon. Na ce masa ɓata ya yi."

Da zaginsa Sifana ya yi, da ya fi wa Barkono sauƙi.

Washegari Barkono ya tarar da Malam Shiru a bakin ƙofar gareji, rungume da tabarmarsa da butarsa, yana sallama da mai gadi. Ya kama hannun dattijon ya ja shi har ofis, ya ciro kwaɗon ya ɗora a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗauke. Wasa nake yi."

"Wasa?" in ji manaja. 

Malam Shiru ya koma bakin aikinsa, bayan an ja masa kunne kan leƙa ƙasan mota. Barkono kuwa aka karɓe makullin tirelarsa, aka mai da shi wajen wanke motoci.

Sifana ya warke ya dawo, ya kuma yafe wa Barkono tun a asibiti, ya ce shi ma da nasa laifin da ya shiga babu kwaɗo. Sai dai yanzu yana jan ƙafar hagu. Kullum da safe Barkono na jin ƙarar takalminsa a kan siminti tun kafin ya gan shi.

"Ɗan goggo, ka ga ka ba ni tafiyar manya," in ji Sifana yana dariya.

Kowa a garejin ya yi dariya. Barkono ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wanke taya.

Darasi: Wasa yana da daɗi, amma abin da aka ajiye don tsare ran mutum ba abin wasa ba ne. Kada ka taɓa birkin motar da ba a sa ka ba, kada ka shiga ƙarƙashinta ba ka kulle ba, in kuma ka yi kuskure kada ka bari wani ya ɗauki laifinka. Ku tura wa direbobi da makanikai, da wannan abokin naku mai tsokana, ai kun san shi.