Wanda Ya Sayar da Kayan Masu Koyon Sana'a

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran wutar lantarki ne, ya iya aikinsa, jama'a sun yarda da shi. Garinsu ya cika da sababbin gine-gine, masu haɗa wuta kuwa sun yi ƙaranci. Sai wata ƙungiya ta tara kuɗi ta buɗe wurin koya wa manya wannan sana'a, ta ce kada a ware kowa: kurma da gurgu, matar da mijinta ya rasu, magidancin da aka sallama daga aiki. Aka damƙa masa wurin, aka koma kiransa Shugaba.

Kaya suka iso cikin kwalaye: waya, filaya, na'urar gwada wuta, safar hannu ta roba. Ya tsaya a sito yana kallonsu, zuciya ta raya masa cewa waɗannan mutane ai ba iyawa za su yi ba, ɓarnar kaya ce kawai. Kwali ɗaya ya fara kai wa wani ɗan kasuwa. Babu wanda ya tambaya. Kafin wata uku, sito sai yanar gizo. Kuɗin mai fassara wa kurame kuma ya zama ɗaki biyu a gidansa.

Darasi ya koma kan allo. Mutum talatin, filaya ɗaya. Ɗaliban har zolayar juna suke yi, wai su wutar alli suka koya, wadda ba ta jan kowa.

Cikinsu akwai wani tsohon direba mai 'ya'ya biyar, haɗari ya lalata masa ƙafa. Ya dogara sandarsa har ofis.

"Shugaba, wai yaushe za mu taɓa waya da hannunmu?"

"Kai ba takarda kake nema ba? Za ka samu."

Ya samu kuwa, da hatimi da sa hannu. Da ita aka ɗauke shi aiki a wani gidan burodi. Kwanansa tara, injin kwaɓa fulawa ya tsaya. Ya kashe makunni ɗaya, yana zaton ya kashe duka, ya kai hannuwansa cikin akwatin wuta. Wa ya taɓa nuna masa yadda ake gwadawa? Ya rayu, amma likita bai iya ceton hannayen ba.

Shugaba yana cin abincin rana labari ya zo. Matarsa ta ce, "Baban yara, ba ɗalibinka ba ne?" Ya ce ƙaddara ce.

Mai gidan burodi ya kai ƙara. Ƙungiya ta aiko aka buɗe sito. Ɗaliban suka faɗi abin da suka gani ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ya ɗaure Shugaba shekara uku, aka sayar da gidan, matarsa ta kwashe yara ta koma wajen yayanta.

Da ya fito, babu mai ba shi ko ƙwan fitila ya ɗaura. Ya nemi gidan direban, ya yi sallama. Matar direban ta leƙo ta gane shi.

"Shigo mana, Malam. Yanzu nake ba shi abinci a baki, ka zo ka gani."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Ya juya, bai nemi gafarar da ta kawo shi ba.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai ɗauki wuƙa ba, bai haura katangar kowa ba. Amana ya ci, ya raina masu rauni tun kafin su gwada. Wanene cikinmu ba ya riƙe da hakkin wani? Idan an ba ka abin da za ka koya wa bawan Allah yadda zai ci da iyalinsa, to rayuwarsa ce a hannunka. Kurkuku yana da ranar fita. Tsayuwa gaban Ubangiji da hakkin mutum fa, me za ka ce?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa kada sa hannunmu ya zama sanadin kukan wani gida. Amin.