Ranar da Yaya Luba Ta Cire Niƙabi

Akwai wata matashiya a Gusau mai suna Muzdalifa, mai sayar da turaren wuta a shafinta na sada zumunta. Saboda kasuwa ta buɗe shafin kowa ya gani, kuma idan ana maganar waya ba ta yarda akwai wanda ya fi ta.

Yayarta Luba malamar Islamiyya ce a Bungudu. Tun da ta yi aure ba ta fita sai da niƙabi.

Ranar sunan ɗan ƙanensu a Tsafe, mata suka cika ɗaki aka tura ƙofa. Luba ta cire niƙabi, ta ɗauki jariri tana rawa da shi, tana dariya har da hawaye. Ganin Muzdalifa ta ɗaga waya, Luba ta tsaya.

"Wa za ya ga wanga abu?"

"Mu kaɗai, Yaya. Ni za a koya wa waya?"

Ta ɗora bidiyon don 'yan uwa, ba ta lura da 'yar alamar nan ta duniya da ke saman rubutun, mai nuna kowa zai gani ba.

Kafin la'asar ta washegari bidiyon ya kai inda ba ta taɓa zuwa ba. Wani ya sa masa kiɗa, ya rubuta sunan malamar. Muzdalifa ta goge, ta rufe shafin, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana haɗa su da Allah. Ta goge nan, ya ɓullo can. Ta rasa wanda za ta kama.

Ta hau mota zuwa Bungudu, ta durƙusa tana kuka. Luba ba ta yi faɗa ba. Ta ce ɗalibanta sun gani, amma ta yafe.

Bayan wata biyar aka yi wani biki, aka sake tura ƙofa. Luba ta zo ta zauna kusa da Muzdalifa. Da aka kawo tuwo, sai ta ɗan ɗaga ƙasan niƙabin tana kai loma.

"Yaya, mu kaɗai ne fa."

"Na sani," in ji Luba, ta ci gaba da ci.

Darasi: Kafin ka ɗora hoton wani, nemi izininsa, ka duba saitin wa zai gani. Gogewa ba ta dawo da abin da ya fita. Ku tura wa 'yan uwa kafin biki na gaba.