Babban Yatsan Manomi

Shekara tara Hasiya ta yi a buron wani ƙaramin banki a Gazawa. Ta iya aiki, amma ba ta jure jin an yabi wani a gabanta.

Da bankin ya koma aiki da waya, aka kawo na'urar da kowa zai ɗora babban yatsa kafin a buɗe masa asusu. Sai dai yatsun manoma sun sha fartanya, zanen ya goge, na'ura ba ta ganinsa. Raliya, sabuwar ma'aikaciya, ta samo dabara. Takan lakato ɗan man kaɗe ta murza wa mutum a yatsa, ta goge da ƙyalle, nan take zanen ya fito. Cikin wata guda layi ya koma teburinta.

"Wurin yarinyar mai mai za ni," in ji wani tsoho daga Gangara, ya wuce Hasiya ko gaisuwa babu.

Raliya ta miƙo wa Hasiya gwangwanin man. "Yaya Hasiya, ɗan kaɗan ake sawa. Zo in nuna miki."

"Ni za ki koya wa aiki? Ina nan kina lakol kina koyon karatu!"

Abin ya ci ta har abinci ya daina yi mata daɗi. Ta sami shugabansu, Malam Nomau, ta ce Raliya na lalata na'ura da maiƙo. Ba ta ce yarinyar na goge man da ƙyalle ba. Aka dakatar da Raliya mako biyu.

Ranar kasuwa, manoma suka cika buro don rajistar tallafin taki, wadda za a rufe da la'asar. Hasiya ta danna yatsu har hannunta ya sage, na'ura ta ƙi. Mutum sittin suka koma gida ba a rubuta su ba.

Washegari Malam Nomau ya duba na'urar, ya same ta lafiya lau.

"Madam Hasiya, ina ɓarnar da kika ce?"

Ta sunkuyar da kai. Aka dawo da Raliya. Hasiya kuwa aka maida ta reshen bankin na Gidan Rumji, nesa da 'ya'yanta, aka rage mata matsayi.

Darasin shi ne, in aiki ya sauya, koyo a wurin na ƙasa da kai ba faɗuwa ba ne. Mai hassada abokin aikinsa yake hari, amma yakan haɗa da bayin Allah da ba su san hawa ba balle sauka, kafin abin ya dawo kansa.