Dalilin da Ya Sa Karan Dawa Yake da Gaɓoɓi

Dalilin da ya sa karan dawa yake da gaɓoɓi, yara, ku shafa karan da ke hannunku ku ji kumburin nan, yanzu zan ba ku labarin asalinsa.

A zamanin da, karan dawa sumul yake tun daga tushe har zangarniya. Yana ɗauko ruwa daga saiwa ya kai wa ganye, yana ɗaga kan dawa sama ya sha rana. Amma in iska ta kwantar da shi, to ya kwanta ke nan.

A wani ƙauye an yi wata amarya mai suna Tabawa. Mijinta Nomau shi ne mai ɗorin garin, duk wanda ya karye wurinsa ake kawo shi. Daminarsu ta farko ce tare, kuma tun ranar shuka ya faɗa mata cewa in rumbu bai cika ba, dole ya tafi cin rani, sai wata daminar. Daga nan kullum in Tabawa ta kai masa abinci sai ta zagaye gonar, tana duba dawa kamar mai duba jinjiri.

Dawa ta yi ciki, ana jira ta fitar da kai, sai ga hadari da la'asar. Ruwan bai taka kara ya karya ba, iskar ce ta yi ɓarna. Da safe suka tarar da gonar kwance kamar an shimfiɗa tabarma, kowane kara ya karye wuri biyu, wuri uku, ganye har ya fara yaushi.

Nomau ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Haka Allah ya so. Bana sai tafiya."

Tabawa ta dubi gonar, ta dube shi, ta ce, "Wai ba kai ne mai ɗorin garin nan ba?"

"Ni ne."

"To ga masu karaya gona guda, kana tsaye kana maganar tafiya."

"Ke kam! Kara yana da ƙashi ne?"

"Da Goggo Kande ta kawo maka akuyarta ai ba ka kore ta ba."

"Akuya tana da ƙafa."

"Dawa ma tana da ita, guda ɗaya tal, ita ce ta karye."

Ba ta jira amsarsa ba, ta ruga gida ta ɗauko man shanu da zanen lefenta, ta kama yaga shi siri-siri.

Nomau ya ce, "Zanenki na fita unguwa ne fa."

Ta ce, "Zane ba zai taya ni hira da rani ba."

Sai ya durƙusa. Ita tana riƙe kara, shi yana haɗa bakin karaya, ya shafa mai, ya yi tofi, ya ɗaure. Don kada ya ɓata mata rai kawai yake yi, ita ma ta sani. Karan kuwa yana nan kwance, ko motsi.

To shi mai ɗori yana da wata al'ada. In ya gama ɗaure ƙafa, yakan buga ta a hankali ya ce wa mai ita ya motsa. Da Nomau ya ƙulle tsumman ƙarshe, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ɗan bugi karan ya ce, "Lanƙwasa in gani."

Tabawa ta fashe da dariya. Ba ta gama ba sai ta ga karan ya lanƙwashe daidai wurin ɗaurin, kamar mai shirin tashi daga durƙuso. Ya ƙara lanƙwashewa a ɗauri na biyu, ya ɗaga kansa sama.

"Ka gani? Ka gani, maigida?"

"Na gani. Miƙo tsumma!"

Haka suka bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaurewa yana cewa lanƙwasa in gani, har zanen ya ƙare ya yaga rigarsa. Ruwa ya koma hawa, ganye ya miƙe, dawa ta fitar da kai.

Da kaka suka kwance tsummokaran, sai ga kowane wurin ɗauri ya kumbura ya yi tauri, kamar ƙashin da ya kama. Rumbu ya cika har sai da aka danne shi. Ranar da samarin ƙauyen suka ɗaura kaya za su tafi cin rani, Tabawa tana jin sallamarsu daga tsakar gida, tana dama fura ta mutum biyu. Maƙwabta suka roƙi iri, duk wanda ya shuka kuma, karansa da gaɓoɓi ya fito.

Shi ya sa har yau karan dawa yake da gaɓoɓi. In iska ta kwantar da gona, kada ku yi saurin kuka. Ku koma bayan 'yan kwanaki, za ku tarar da kara ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga kai.