Tela da Ƙofar da Aka Cire

Akwai wani tela da ya kama ɗaki haya a gidan wani dattijo, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama, Rifkatu. Wata rana suna wurin sujada ɓarayi suka fasa ƙofar ɗakin, suka yi awon gaba da keken ɗinkinsa. Sana'a ta tsaya cak, kuɗin haya ma ya tsaya. Ƙofar kuwa sai ya ɗaure ta da waya, ta zauna a karkace.

To, a garin nan masu gida ba sa ɓata bakinsu a kan ɗan hayan da ya daina biya. Kafinta kawai ake kira ya cire ƙofar ɗakin. Ka dawo ka tarar da ɗakinka a hangame, kaji na shiga suna fita, ai ka san an ce ka tattara naka ya naka.

Tela ya san haka sarai, sai ya shiga wasan ɓuya. In ya ji sallamar dattijo, ya sa matarsa ta ce ba ya nan. In ya hango shi a kasuwa, ya ratse ta layin 'yan kifi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, mutumin da ke binsa bashi sai ga shi ya aiko musu da ƙwaryar gero. Tela ya yi ta juya abin a ransa. Kyauta ce, ko guzurin sallama? Kai, bawan Allah nan har ya rame saboda tunani.

Ran nan ya dawo daga neman aiki, ya duba, babu ƙofa. 

Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, Baba mai gida ne ya zo da kafinta. Ya ce in ka dawo..."

"Ya isa! Ina da ido."

Ya aro amalanke, suka loda tabarmi da tukwane, suka ɗora yarinya a sama, suka fita ba su yi wa kowa sallama ba.

Sun kusa ƙarshen unguwa sai ga kafinta tafe, ɗauke da sabuwar ƙofa a ka.

"Tela, ina zuwa haka da kaya?"

"Kai za ka tambaye ni? Ba kai ka cire ba?"

"Na cire don in auna mana! Wannan taka ce. Baba ya ce ba ya samun kwanciyar rai, yarinya tana kwana bayan ƙofar da aka ɗaure da waya. Tun yaushe yake nemanka ya gaya maka!"

Tela ya tsaya a tsakiyar hanya, ya dubi ƙofa, ya dubi kayansa, ya rasa gabas ya rasa yamma.

Matarsa ta ce, "Mu koma mana."

Ya ce, "Da wane ido zan dube shi?" Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tura amalanke.

Ma'anar wannan misali ita ce, dattijon nan Ubangiji ne, telan kuwa ni ne da kai. Bashin gaskiya ne, ba wanda ya ce ƙarya ne. Amma da muka ga mun kasa biya, sai muka daina addu'a, muka daina zuwa sujada, muna auna Allah da halin masu gidan garinmu. In ya cire wani abu a rayuwarmu, mu ce shi ke nan, ya kore mu, ba ma tsayawa mu ji ƙarshen saƙonsa. Wannan abu yana ba ni takaici, 'yan'uwa. Ba wanda ya kori tela. Kunya ce ta fitar da shi, ta hana shi komawa, 'yarsa ta kwana a rumfar kasuwa alhali ɗakinta na nan da sabuwar ƙofa. In amalankenka na kan hanya yau, juya shi.